Ranar da Kawu ya goge allon manaja

Jama'a a ja da baya, a ba da hanya. Ga Kawu Tsaya-Tukuna, sarkin sassabe a ƙarƙashin wayar lantarki, wanda shekara ashirin da biyu bai taɓa hawa bishiya ba sai ya yi wa igiya tambayoyi kamar ɗan sanda. Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya samo mini aikin, bayan makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.

Aikinmu sare rassan da ke neman taɓa waya. Kafin kowa ya taka tsani, sai Kawu ya kira ofis ya ji an ɗauke wuta, ya sake kira ya tabbatar wanda ya amsa ba gyangyaɗi yake ba. Mu kuwa muna tsaye, rana na dafa mana kai cikin hular kwano.

A ƙofar ofis akwai allo mai nuna kwana nawa aka yi ba hatsari. Manaja yana son allon nan fiye da 'ya'yan cikinsa. Saura kwana biyu ya cika ɗari uku, manya za su zo daga hedikwata, har an kama mai hoto. Manaja ya ce duk wanda ya ɓata lissafin, ya kama gabansa.

Sai ga gwani, wato ni. Kawu ya juya baya yana waya, na hango wani ɗan reshe, na ce wannan ko akuya za ta karya shi. Na haye, na sare. Reshe ya kwanta kan waya, wuta ta yi tartsatsi, gashin hannuna ya babbake, zarto ya kuɓuce ya caki ƙasa tsakanin ƙafafun direbanmu.

Direba ya dubi ƙafafunsa, ya ga duka biyun suna nan, ya ce, "Ba jini, ba magana."

Da muka koma ofis, manaja ma haka ya gani. "Malam, wa ya mutu? Jibi ne fa."

"Ba kowa, ranka ya daɗe," in ji Kawu. "Amma taku ɗaya ya rage a yi gawa."

Ya sa hannun riga ya goge allon, ya zana sifili ƙato kamar tayar mota. A rahoto kuma ya rubuta cewa shugaban aiki, wato shi kansa, shi ne ya ɗauke ido kafin a tabbatar an ɗauke wuta. Sunana bai fito ba. Manaja ya sauke shi, ya tura shi sito rabon igiya da safar hannu. Ni kuwa ina nan da aikina.

Washegari na same shi a siton, na gyara murya. Na ce, "Kawu, tarihi ba zai manta da kai ba. Ka fanshi ɗan 'yar'uwarka da kujerarka. In na haifi ɗa..."

Bai ɗago kai ba.

"Safarka ta huje a babban yatsa. Ajiye ta, ɗauki wata, mota na jiranka."