Mai Sassaƙa Ragon Bota

Shekara talatin da tara Denise Pietrak ta yi a cikin rumfar da faɗinta bai wuce taku huɗu ba, a tsohuwar kasuwar 'yan Poland da ke gabashin birnin Buffalo, a Amurka. Tana da sha tara babanta ya yanke jiki ya faɗi a bayan teburin ciniki, bai sake tashi ba. A lokacin takardar shiga makarantar koyon jinya tana cikin jakarta. Mahaifiyarta Stasia ta ce ta riƙe rumfar shekara ɗaya tak, kafin ƙaninta Rick ya yi wayo. Rick kuwa ya yi wayo, wayon da ya kai shi Florida, inda yake bugo waya sau biyu a shekara yana tambaya ko har yanzu ana sanyi.

Yawancin shekara ƙwai da cuku take sayarwa, tana kallon ƙofa. Amma makon Ista kasuwa kan cika maƙil, don babu gidan da zai ci abincin Lahadi ba ɗan ragon bota a tsakiyar tebur. Wasu rumfunan a mazubi suke zuba nasu. Su Pietrak da hannu suke yi. Denise ta sassaƙa jiki, ta matso bota ta rariya ta yi gashi, Stasia kuma, mai shekara tamanin da bakwai, tana kan kujerarta tana dasa masoro biyu a gurbin ido, ta ɗaura jan zare a wuya. Bota da ɗumi ba sa shiri, saboda haka cikin ruwan ƙanƙara hannun Denise yake wuni. Yatsunta duk sun kumbura sun karkace. Ta tsani ragunan nan, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Bana ta ƙudurta barin rumfar. Carol, 'yar gwaggonta da ke Tucson, ta ware mata ɗaki, ta samo mata aiki a wurin sayar da furanni, garin da rana ba ta hutu. Gidan tsofaffi na 'yan coci ma ya yarda ya karɓi Stasia. Abu ɗaya ya rage: ta faɗa wa tsohuwar. Ta ɗage zuwa Litinin, ta ɗage zuwa Laraba, yau ga Asabar, ranar ƙarshe ta cinikin raguna, kuma ranar da ofishin kasuwa ke son jin wa zai zauna baɗi, wa zai tashi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata budurwa ta tsaya a gabansu cikin rigar sanyi da ta yi mata yawa, hancinta ya yi ja.

"Anti, don Allah akwai alade a cikin wannan?"

"Alade a cikin rago?" in ji Denise. "Babu, 'yar nan."

"Alhamdulillahi. Tun safe nake zagaye, duk abin da na nuna sai a ce da shi."

Ta sayi ƙarami. Kafin Denise ta ɗauko kwali, yarinyar ta ɗaga shi ta gatsa, ta cire kan ɗungurungum. Ta zaci alewa ce.

Masu jira a layi suka zuba mata ido. Ragon da ake kaiwa coci a kwando a sa masa albarka, wanda gobe a tebur kowa zai riƙa yanka daga wutsiya don kada a ce shi ya sare kai, ga shi a hannun baƙuwa ba kai. Ita kuma ta tsaya da kumatu cike da bota, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa. Sai aka ji Stasia ta tuntsire da dariya har tana bugun cinya. Rabon da Denise ta ji wannan dariyar ta manta.

"Shigo da ita," in ji tsohuwar. "Yunwa ce. Je ki wurin Bernie mai abinci ki karɓo mata pierogi na dankali, ki ce kada ya soya da man aladen nan nasa."

Sunanta Ratih, daga Indonesiya, tana karatun haɗa magunguna a jami'a. An yi hutu, ɗakunan kwana sun zama kango, kowa ya tafi gida, ita kuma ta ɗauki kwana uku tana bin titunan gari a ƙafa. Tana cin 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali a ciki tana nuna musu hotuna a waya: bakin tafki, tsofaffin rumbunan hatsi, cocin da aka rufe, wani gidan abinci da ta ci fiffiken kaza mai yaji har ta yi hawaye. Jiya ta hau bas ta je kallon babban ruwan Niagara mai kwararowa daga kan dutse.

"Anti, ke kam kin gaji da ganinsa, ko?"

Tafiyar rabin awa ce. Denise ta je sau ɗaya, tana aji huɗu a firamare, kuma ranar hazo ya rufe komai. Ta dubi hotunan garinsu a wayar baƙuwa, kishi ya turnuƙe ta.

"Ke me ya hana ki zuwa gida?" Stasia ta tambaya.

"Kaka, in na fita, ba ni da tabbas za a sake ba ni izinin shigowa. Shekarata uku ban ga mamata ba. Bara aka yi mata aiki a ido, ta waya na yi jinya." Ta ajiye cokali, ta dubi Denise. "Anti, kin more. Kullum ki juya ki ga taki a zaune. Ni da zan samu wuni ɗaya haka, wallahi ba na son komai."

Denise ta ji kamar ta toshe mata baki da sauran ragon.

Yarinyar ta yi godiya, Stasia ta cusa mata wani rago mai kai a kwali, ta ce wannan a shafa a burodi. Denise ta bi ta da kallo har ƙofa. A can ta tsaya, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta zaɓi inda ta ga dama ta tafi.

"Mama," in ji Denise, "akwai maganar da nake so mu yi."

"Tucson," in ji tsohuwar.

Denise ta juyo ta dube ta.

"Ƙafa ce ta mutu, kunne yana nan. Ke da Carol kuna waya kamar masu kiran shanu." Tsohuwar ba ta ɗago kai ba. "Ki tafi abinki. Na ci miki shekaru, na sani. Amma gidan tsofaffin nan, ki ce su ba wani. Ni nan zan zauna."

"Ke da wa?"

"Ni da hannuna. Kafin a haife ki nake yin rago."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta jawo curin bota, ta ɗauki wuƙa. Ta yanka, wuƙar ta zame. Ta sake, kunnen rago ya faɗi ƙasa. Ba ta nemi taimako ba, ba ta ma kalli 'yarta ba, ta sake gyara tsayuwa. Da ta yi kuka ko ta yi zagi, da Denise ta san yadda za ta yi da ita. Wannan kam ba ta da maganinsa. Ta yi ta kallo har ta ga wuƙar ta nufi babban yatsa, sannan ta miƙa hannu ta karɓe.

"Zauna, Mama. Layi yana jira."

Ta gama ragon, ta sa a kwali, ta miƙa wa matar da ke gaba, wadda take saye a wurinsu tun gashinta yana baƙi.

"Hannunki dai babu irinsa, Denise," in ji matar. "To, sai baɗi."

"Sai baɗi," in ji Denise.