Takardar Kwata

Na yi shekara huɗu ina aiki a ɗakin ajiye takardu na wani ofishin gwamnati a Accra. Wata damina rufi ya fara yoyo, sai Madam, shugabarmu, ta ce a rage kaya. Duk fayil ɗin da aka gama maganarsa a ƙone shi, wanda ba a gama ba a mayar kan kanta.

A kwana na uku na ci karo da wata wasiƙa daga unguwarmu Nima, ta tsufa har ta yi ja. Mutanen layinmu ne ke kuka a kan kwatar da ke ambaliya cikin gidaje. A ƙasa akwai dangwalen yatsa tara, na farko na mahaifina ne, tun kafin a haife ni. Wani jami'i ya rubuta a gefe cewa ana duba lamarin.

Na kai wa Madam. Ta ce, "An gama wannan maganar?"

Na ce, "Yau da safe na tsallake kwatar kafin in hau motar trotro."

Ta ce, "To, ba a gama ba. Mayar da ita."

Na sa mata sabon bango, na ɗora ta inda ruwa ba ya zuba.

Da yamma na tarar da Baba a ƙofar gida yana alwala, na ba shi labari. Ya gama wanke ƙafa tukuna, sannan ya ce, "Madalla. Da na ɗauka ba ta isa ba."