Ranar da Doña Remigia Ta Ɗaga Hannu

Idan hadari ya haɗu a San Gervasio, kafin ɗigon farko ya sauka za ka ji ƙamshin kitse na tashi daga kusurwar dandali. Doña Remigia ce ta ɗora kasko. A garinmu ba a ruwan sama babu torta, fanken nan mai huda a tsakiya, kuma tata kowa ke ci. 'Yar gajeruwa ce, baƙin mayafi a kafaɗa rani da damina, hannuwa duk tabon mai. Ba ta da yawan magana. Idan ka ce tortar ta yi gishiri, sai ta ce, "Bakinka ne ya yi lami," ta miƙo hannu.

Mijinta, Ulpiano Bentancor, dakon ulu yake yi. Dab da babban yaƙin Turai ya sayi wata ƙaramar mota baƙa ƙirar Ingila, wadda mutum huɗu za su shiga idan babu mai teɓa a cikinsu. In ka cire ta likita, ita ce mota ta farko a garin. Ulpiano mutum ne mai son jama'a. Duk Asabar ɗin da ake ɗaurin aure sai ya wanke ta, Remigia ta ɗaura mata farin ƙyalle a hannun ƙofa, ya ɗauko amarya daga gidan ubanta zuwa coci. Ladansa dai a ajiye masa haƙarƙari mai kyau a wurin gashin nama. Rabin tsofaffin matan garin nan a bayan motar suka zauna suna kukan barin gida.

Allah bai ba su haihuwa ba. Wata rana da hantsi Ulpiano ya yanke jiki ya faɗi a rumbun ulu, bai tashi ba. Ba a ma gama zaman makoki ba sai ga ƙanensa Nicanor a ƙofar gida, da abokansa biyu.

"Matar Yaya, ina makullin?"

"Makullin me?"

"Na motar Baba."

"Baba bai taɓa shigarta ba, Nicanor. Tsoronta yake ji."

"Da sunansa aka yi mata rajista, kin sani. Kuma ke fa, mace ke kaɗai, ba ɗa ba jika, wa za ki ɗauka a ciki? Kaji?"

Abokan suka yi dariya. Gaskiya ne, a zamanin muddin uba na raye da sunansa 'ya'ya ke sayen komai. Remigia ta shiga ɗaki ta ɗauko makullin, ta sa masa a tafin hannu, ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana. A makon nan ta sayi kasko.

Sama da shekara talatin, kullum sai sun haɗu a dandali. "Ina kwana, ƙanena." "Lafiya lau, matar Yaya." Idan ya zo sayen torta sai ta tona ƙasan kwando ta zaɓo masa wadda ta ƙone, ta naɗe ta da kyau a takarda. Mutane suka ɗauka abin ya wuce. Ƙawarta Tencha, wadda ke riƙe mata laima, ita ta san bai wuce ba.

"Remigia, yanzu ma ba ki huce ba?"

"Miƙo min gari."

"Fada ya ce mana a coci a yafe."

"Ba motar fada aka ɗauke ba."

Nicanor bai taɓa ɗaukar amarya ba. Ya ce shinkafar da ake watsa wa ma'aurata tana shiga lungun kujera. Ya mori motar har ta gaji, ya tura ta rumfar bayan gida ya manta da ita. Sai ga zamanin da Turawa suka fara bin ƙauyukanmu suna kwashe tsofaffin motoci, suna biyan abin da ba mu taɓa ji ba. Nan Nicanor ya tuna. Ya sayar da bijimai, ya kawo mai gyaran inji daga Durazno, mai ɗinkin kujera daga Montevideo, aka yi mata jan fata a ciki, aka yi mata fenti har kana ganin haƙoranka a jikin ƙofa. Kuma abin da bai zata ba ya same shi: son motar ya kama shi. Da yamma sai a gan shi da tsumma yana goge fitilunta yana yi mata magana.

Ɗansa Walter ya ce, "Baba, a kai ta Montevideo, can masu kuɗin suke."

"Su zo nan. A dandalin nan za a yi gwanjonta, kowa na gani."

Wannan ne kuskurensa na fari. Na biyun a gidan rediyo ya yi shi. Da mai shirin ya tambaye shi daga nawa za a fara, sai ya ce, "Motata ba ta buƙatar a yanka mata farashi. Duk inda guduma ta faɗi, na sallama. Maganar Bentancor ce." Garin duka ya ji.

Muna da wata al'ada a nan, tun ta kakanni. Idan aka fito da kayan mamaci gwanjo, matarsa ta ɗaga hannu a kan wani abu, kowa sai ya sauke nasa. An yi a kan keken ɗinki, an yi a kan doki, an yi a kan gadon ƙarfe. Nicanor ya san da ita kamar kowa. Amma shi a wurinsa motar Baba ce, kuma ya dogara da baƙin da za su zo.

Remigia ta ji sanarwar tana murza ƙullu. Ta wanke hannu. Ranar ba ko alamar hadari, amma ta ɗora kasko, ta cika kwando, ta shiga gari. Gida-gida ta bi. Ba ta roƙi kowa komai ba. Ta zauna, a zuba mata mate, shayin ganyen nan da muke sha a ƙoƙo da bututu, ta zuƙa, a ɗan taɓa hirar ciwon gwiwa, sannan ta ce, "Ni kam, ranar aurenki, da me kika je coci?" Sai wata matar gidan ta yi murmushi, wata ta share ido. Remigia ta miƙe ta ce, "Ranar Asabar zan ɗaga hannu." Ta wuce gida na gaba.

Ranar Asabar aka kafa jar tutar gwanjo a gaban dandali. Motar na tsakiya a kan katako, rana na dukanta tana walƙiya. Nicanor ya sa takalmin fata sabo da ɗan ƙyallen wuya, yana zagaya ta yana kore hannun mutane. Baƙi uku suka zo daga Montevideo; biyu kallo ya kawo su, na ukun, mai farar kwat da gashin baki siriri, dillalin wani Bajamushe ne. Ni ina tsaye kusa da shi, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka yi.

Don Telmo mai gwanjo ya hau teburinsa ya buga ƙararrawa.

"Jama'a, ga ta nan! Ta girmi yaƙi, ta fi 'yan matan bana kyau! Wa zai buɗe min?"

Kafin kowa ya motsa, daga can gefen kasko, hannu ya tashi. Gajeren hannu mai tabon mai. Remigia ta faɗi tayinta da muryar da take faɗin kuɗin torta. Bai kai kuɗin tumaki biyu ba.

Nicanor ya tuntsire da dariya. "Matar Yaya, gwanjon mota ake, ba na kwando ba!"

Babu wanda ya taya shi dariya. Masu gonakin da suka zo da niyyar gwada sa'arsu suka sa hannu a aljihu. Wani ya cire hula.

Mai farar kwat ya ɗaga yatsa. Daidai lokacin Don Telmo ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Uwarsa ma a motar ta je coci.

"Na ninka goma!" in ji baƙon da ƙarfi.

Sai ya ji an sa masa abu a hannu. Tencha ce, da ƙoƙon mate. Tsofaffin mata sun kewaye shi, kowace da jakarta a gaba, ba wadda ta ɗaure fuska.

"Sha, ɗana, ka sha hanya."

"Na gode, Iya, amma ina cikin..."

"Ka ga matar can? Mijinta ne ya sayi motar nan. Mu duk da kake gani, shi ya kai mu coci. A nan idan matar mamaci ta ɗaga hannu, ba a ɗagawa a kanta."

"Iya, ni aiko ni aka yi. Kasuwanci ne."

"Haka ne, ɗana. To idan ka saya, da me za ka fita da ita?"

"Zan ɗauki hayar babbar mota."

"Guda ce a garin. Ta ɗana ce. Ta lalace."

"Yaushe?"

"Yanzu."

Wata daga baya ta ce, "Famfon fetur na mijina ne. Ya ƙafe." Wata kuma, mai sandar dogarawa, ta ce, "Ƙanena ke tuƙa kwalekwalen fito. Bayansa na ciwo, sai dai ka kwana a gaɓa. Sauro kuwa bana, kai!"

Baƙon ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa. Ya kai bututun baki ya zuƙa.

Don Telmo ya mayar da tabarau. "Kamar na ji wata murya. Maigida, ka yi magana?"

"Tari na yi," in ji baƙon.

Nan Nicanor ya gane. Ya juya wajen ɗansa. "Walter! Ɗaga hannu!"

Walter ya fara ɗagawa, uwarsa, matar Nicanor ɗin kanta, ta damƙe masa hannun riga. Ita ma Ulpiano ne ya ɗauko ta. "Ka ɗaga, ka nemi wata uwar," ta ce, ba ta ko dubi mijinta ba.

"To na fasa! Telmo, na janye ta!"

"Don Nicanor," in ji Telmo a hankali, "ni dai a rediyo na ji wata magana. An ce maganar Bentancor ce. Ko wani Bentancor ɗin ne?"

Dandalin ya yi tsit, sai ƙarar mai a kasko. A garin nan mutumin da ya ci maganarsa a gaban jar tuta ba ya sake sayar da ko ɗan maraƙi. Guduma ta faɗi.

Remigia ta taho a hankali, tana goge hannu da gefen mayafi. Ta tsaya a gabansa ta buɗe tafin hannu. Sai da ya daɗe kafin ya ciro makullin.

Mata suka yi ta tafi, aka buɗe mata ƙofa ta zauna a gaba. Mun ɗauka kuka za ta yi. Ta shafa jar fatar, ta sunkuya ta shinshina, ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta taɓa sitiyari. Ta fito fuskarta a bushe.

"Yaya, ƙawata?" in ji Tencha. "Kin ji Ulpiano a ciki?"

"Babu shi a ciki. Tasa warin ulu take da taba. Akwai inda gwiwarsa ta cinye fenti a jikin ƙofa. Duk Nicanor ya kankare shi, Tencha. Ko ƙurarsa bai bar min ba."

"To a kai ta gida?"

"A'a. Ku tura min ita."

Maza suka tura, tana gaba tana nuna hanya, har bakin titin da ke fuskantar gidan Nicanor, daidai tagar ɗakin kwanansa. Can ta ce a tsaya. Babu rumfa a wurin, babu bishiya. Ta sauke gilasan ƙofofin duka huɗu, ta sa makulli a jaka.

Tun daga ranar, kullum bayan abincin rana, lokacin da duk garin ke rufe taga a ɗan runtsa, sai Doña Remigia ta zo da butar ruwan zafi da ƙoƙonta, ta zauna a mazaunin direba, ta danna ƙaho. Ƙahon kuwa Nicanor ya kashe masa kuɗi, har bakin kogi ake jin sa. Maƙwabta suka koma kwana a ɗakunan baya, ba wanda ya kai ƙara.

Ruwan farko da ya sauka a kan motar, Nicanor ya fito da tamfol a kafaɗa, ba hula, ruwa na bin wuyansa. Ya tsufa a 'yan makonnin nan. Remigia na tsaye a ƙarƙashin laimar Tencha.

"Matar Yaya, don Allah. Ba na neman ta. Ki bar ni in rufe ta kawai."

"Kar ka taɓa min mota, ƙanena."

"Fatar nan idan ta sha ruwa ta tashi aiki. Ko gilasan ki ɗaga."

"Iska take sha."

"Injin ma, in ba a tayar da shi ba, daskarewa zai yi. Tsatsa za ta cinye ta a tsaye!"

"Na sani."

"Kin sani? To me na... Remigia, shekara nawa yanzu!"

Ta dube shi sama da ƙasa, kallon da take yi wa torta kafin ta juya ta. "Koma ciki, kar sanyi ya kama ka. Ina son ka daɗe. Ka ja kujera kusa da taga."

Ya tsaya da tamfol ɗinsa, ruwa na taruwa a kan jar kujerar baya. Remigia ta zura hannu ta tagar motar, ta lalubo ƙahon, ta danna, ba ta ɗaga ba sai da ya juya ya shiga gida.