Yadda Na Kori Surukina Daga Hutun Haihuwa

Assalamu alaikum Edita. Ni mace ce da ta haura hamsin, ina zaune a Rigachikun, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A lokacin da abin nan ya faru, in aka yi haihuwa a layinmu ni ake fara kira, domin an san hannuna a wankan jego, ni ma kuma ina ji da kaina. Hali ɗaya kowa ya shaide ni da shi, ba na yarda da magana daga jin farko, balle a ce daga gwamnati ta fito. Ina da dalilina. Marigayi maigidana ma'aikacin masaƙa ne, aka sallame su ya ɓoye mini. Kullum sai ya yi wanka ya kafa hula ya fita kamar mai zuwa aiki, ashe a gindin bishiya yake wuni. Sai da buhun masara ya ƙare na san gaskiya. Tun daga nan na zama wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma na gani sai na ja da baya.

Autata tana aure a Badarawa, mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yaro mai sanyin hali da yawan sunkuyar da kai. Da cikinta na fari ya tsufa na aika a kawo mini ita ta haihu a gabana kamar yadda aka saba, sai ya turo da ban haƙuri, wai a wajen awo an ce jininta yana hawa, gara ta zauna kusa da asibiti. Na dai ƙulla abin a raina. Da ta sauka lafiya, namiji, na ɗaure kanwata da ganyen darbejiya na hau mota na tafi.

Abin da na tarar ya ɗaure mini kai. Gari ya waye, maza suna ta ficewa daga gidan hayar, shi kuwa surukina yana tsakar gida da singileti yana wanke zannuwan jariri. Na ce ko gajiyar asibiti ce. Washegari ma haka, har da share ɗaki da dama koko. Na tambayi 'yata, ta ce ai hutu aka ba shi, yanzu gwamnati tana ba maza 'yan makonni in matansu sun haihu, don su taimaka a gida. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata shi ya yi naƙudar, ko shi zai ba da nono? Gwamnatin da take neman hanyar rage ma'aikata ita ce za ta biya ƙato ya zauna wankin tsumma? Ruwa ba ya tsami banza. A take zuciyata ta ba ni cewa an kore shi ne, ya samu haihuwar nan ya fake da ita.

Daga ranar na sa masa ido. In wayarsa ta yi ƙara ya fita waje, in ce masu jaje ne. In ya sayo nama da yawa, in ce rufe ido yake yi, in ya sayo kaɗan kuma in ce biri ya yi kama da mutum. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shiga hurumina da ya yi. Yana da wata 'yar na'ura da yake ɗaura wa yarinyar a dantse safe da yamma yana auna jininta. Ya tsuguna a bayan labule, cikin ladabi, ya roƙe ni a rage zafin ruwan wanka, a bar kunun kanwa da yawan gishiri, wai likita ce ta ja masa kunne. Ni da na yi wa mata jego tun kafin a yaye shi! Na amsa da to, amma a zuciyata na ce marar aikin yi ne ya samu wanda zai yi wa gadi. Muddin yana gidan kuwa dole na bi, don ruwan ma shi yake sirkawa ya kai bayi.

Matan da ke zuwa barka suka ƙara zuga ni. Wata ta ce a Unguwar Dosa ma an yi wani da ya daɗe yana cewa hutu yake, ashe tuni an sallame shi. Wata kuwa cewa ta yi ko mijin-ta-ce ne, suka kwashe da dariya. Na kira ƙanena na zayyana masa, ya zo ya titsiye yaron a ƙofar gida. Yaron ya rantse masa aikinsa na nan, har ya ce in ina so ya kira shugabansa mu yi magana. Na ce wayar zamani, wa ya san wanda ke can ɗaya gefen. 'Yata ta yi ta kuka tana cewa wallahi gaskiya yake faɗa, na ce ni ma haka na yi ta rantsuwa a kan ubanta.

Ana gama suna na yanke hukunci. Na sa aka kira shi, yana bayan labule ina ciki, na faɗa masa ban saba zama da suruki a gida ɗaya muna gogayya a madafa ba, ko dai ya fita kamar sauran maza, ko ni in tattara in koma Rigachikun. Sai ya ce, "Umma, ki yi haƙuri, gobe zan koma aiki. Amma don Allah a kula da maganar ruwan nan da kanwa." Ko da na ga ya goge takalmi ya fita da safe ban yarda ba, na ce wannan fim ɗin na taɓa kallonsa.

Gida ya zama nawa. Na tafasa ruwa a rabin ganga kamar yadda na iya, na dama kunun kanwa mai kauri, na gasa nama da yaji da gishiri. Na'urar nan na jefa ta saman durowa. Yarinyar ba ta iya yi mini musu, ta kuma ji nauyin kai ƙarar uwarta wurin miji, in ya dawo sai ta ce masa ta auna, lafiya lau. Ƙafafunta suka fara kumbura, na ce jego ne ke karɓarta. Ta ce in ta kwanta numfashi yana yi mata wuya, na ƙara mata matashi na ce gajiya ce. Wata hantsi ta fito daga wanka, ta dafa bango, ta sulale a gabana tana neman iska kamar kifin da aka jefa tudu.

Maƙwabciya ce ta kira surukina a waya. Kafin mu samu keke napep sai ga motar ofishinsu ta tsaya a ƙofar gida, har da wata abokiyar aikinsa. A hanya matar nan take cewa su duk sun yi mamakin dawowarsa alhali hutunsa bai ƙare ba, shugabansu har faɗa ya yi masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A asibiti likita ta ce zuciyarta ce ta kumbura, ta tambaya cikin fushi wa ke kula da mai jegon, kuma ina gargaɗin da ta yi. Na buɗe baki ke nan ya riga ni. Ya ce, "Ni ne, likita. An ba ni hutu don in tsaya a kanta, na tafi na bar ta." Bai kalli inda nake ba, har yau kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma tana kan maganin zuciya, kuma an gargaɗe su cewa wani cikin zai iya tafiya da ita. Da na sani ƙeya ce. Abin da na gane shi ne, ban taɓa kallon yaron nan ba, marigayi mijina nake gani a jikinsa, na hukunta shi da laifin wani. Ina kira ga iyaye mata irina, ba duk abin da ba mu saba gani ba ne yaudara. In an ba namiji dama ya zauna ya kula da matarsa, kada mu kore shi da gori da sunan kunya ko al'ada, kuma in likita ta hana abu, iyawarmu ta tsaya daga nan. Zato zunubi ne, ni kuwa nawa ko gaskiya bai zama ba.

Surukina har gobe tsugunawa yake ya gaishe ni. Jikana ya yi wayo yanzu, ranar da na je musu ya hau cinyata ya tambaye ni me ya sa kowa a gidansu yana da ƙane ban da shi. Uwarsa ta tashi ta shiga ɗaki.