Daren da Mai Ɗori Ya Karye a Tatsuniya

A shekarun da aka yanko mana jihar Kebbi daga Sakkwato, manya a Aliero sun sha maganar sauyi. Sababbin ofisoshi, sababbin alluna a bakin hanya, har da sababbin manya. A gidanmu kuwa ko tabarmar zaure ba a sauya ba. Gidan masu ɗori ne, kuma masu ɗori ba su cika son sabon abu ba, don duk wanda aka kawo musu kwance a kan ƙyaure ya riga ya gamu da wani sabon abu a hanya.

Ni ɗan mace ne a gidan. Mahaifina mahauci ne daga Maiyama. Da ya rasu, mahaifiyata ta yi wani aure a Jega, aka bar ni a hannun kakata, Inna Ige. Ɗanta na fari, Kawu Dikko, shi ne maigida, shi ne kuma mai ɗorin. A wurinsu ɗori gado ne mai bin jinin maza, kuma ba ya shiga hannun mutum sai an faɗa masa shi daga bakin mai shi. Saboda haka ake zaunar da Bagudu, ɗan Kawu, sa'ana kuma taubashina, kusa da ƙafar majinyaci, ni kuwa iyakata bakin zaure. Bagudu yana kirana ɗan Rundawa, wato mahauta a bakin mutanenmu, ni kuma ina kiransa likitan karan dawa, mu daku, mu ci tuwo a ƙwarya ɗaya.

Bayan isha'i, idan sanyin dashen albasa ya sauko, Inna takan janyo ragowar garwashin tuwo zuwa ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya a toka, mu zagaye ta. Tatsuniyarta ba irin ta sauran tsofaffi ba ce, wadda yaro zai kwanta a zuba masa. Ita sai ta saka mu a ciki. Takan ce, "Ga ta nan tahe ba takalmi, wa ka tarbon ta?" Mu ce mu ne. Sai ta raba mana sana'a, ta kafa gari da daji da abin tsoro, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, mi kaka yi?" Idan ka faɗi abin da za ka yi, sai ka watsa ɓawon gujiya a ƙasa. In mafi yawansu sun kwanta rigingine, ka yi nasara. In sun kife, ka shiga uku. Wani malami ya taɓa ce mata wannan ya yi kama da caca, ta ce cacar da ba a cin komai a cikinta sai kuka, ai ba ta kai ga alƙali ba.

Doka ɗaya ce a wasan, kuma ita ce ta dame ni. Kowa da gadonsa. Masunci ne kaɗai ke iyo, maharbi ne kaɗai ke bin sawu, mai ɗori ne kaɗai ke taɓa karaya. Kullum Bagudu ne mai ɗori, ƙanwarsa Hajo masunciya, ni mahauci. Na taɓa roƙon a ba ni mahaucin da ya iya iyo, ko da kaɗan ne, iyakar ƙugu.

Bagudu ya ce, "Ɗan Rundawa cikin gulbi? Kihi ka yanka shi."

Inna ta ce, "Maigidana, in kai ka iyo kai ka harbi kai ka ɗori, mi za ya sa ka tahi da wani? Tahi kai ɗaya, in ba ka tatsuniyar mutum guda, mu ga ko ta yi daɗi."

Ni dai ban yarda ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne wani ɗan akuyar Inna ya faɗa rami ya karya ƙafar gaba. Na ɗauke shi bayan rumbu, na fasa karan dawa, na ɗaure ƙafar da tsumma kamar yadda na sha hangowa daga bakin zaure. Ɗan akuya ba ya riƙe asiri. Da la'asar ya fito tsakar gida yana ɗingishi da ɗorina a ƙafarsa, daidai lokacin da Kawu ke alwala.

Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya kwance ɗaurin da kansa, ya sake ɗora ƙafar, sannan ya ce, ba da ni yake ba, da iskar gidan yake, "Yaron da ya fara satar gadon wasu da ido, gara shi koma inda nashi gadon yake. Ranar kasuwa motar hatsi na bi ta Maiyama."

Dangin mahaifina ban san kowa a cikinsu ba sai wani baffa da na gani sau ɗaya a wurin zaman makoki, mai jan ido da ƙaramar murya. Makarantata tana Aliero. Inna tana Aliero. Tun daga ranar duk ƙugin mota da na ji a hanyar Jega sai in ɗauka tawa ce ta zo, na daina ƙoshi, na fara kallon kayan ɗakin Inna ɗaya-ɗaya kamar mai son haddace su.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne Inna ba za ta iya roƙonsa ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi doguwar magana. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin zaure". Matar da ke iya sa dodo ya yi kuka a tatsuniya ba ta iya duban ɗanta ta ce masa bar mini jikana.

Daren jajibirin kasuwa ta hura wuta kamar kullum, sai dai ta matsar da ita kusa da bishiyar darbejiya, inda Kawu kan zauna a kujerarsa yana sauraron labarai a rediyo, ya ba mu baya. Ta ce hayaƙi ne ke damun idonta a ƙofar ɗaki.

Muka ci gaba da tatsuniyar da muka faro. Wani dodo ne ya sace wa gari irin albasa, ya kai shi kan dutse a hayin gulbi, ga lokacin dashe yana wucewa. Aka aike mu mu uku mu ƙwato shi. Hajo ta riga ta haye da mu a kan gora, ni na yanka wa kuraye tunkiya suka ba mu hanya. Saura hawan dutse. Inna ta dubi Bagudu ta ce dutsen yana da santsi, mi zai yi. Ya ce zai hau a guje, don shi ba ya jira. Ya watsa ɓawo, duka suka kife.

"Mai ɗori ya zame," in ji Inna. "Ya hwaɗi bisa hannunai na dama. Kun ji ƙarar, ƙas, kamar an taka busasshen kara."

Ba a taɓa karya mai ɗori ba a duk tatsuniyoyinta.

Bagudu ya ce zai ɗora wa kansa. Inna ta ce da wane hannu, da na hagu da haƙori? Hajo ta ce za ta koma gari ta kira wani. Inna ta ce gulbi ya cika, ga dodo ya ji ƙarar yana saukowa, ana jin warin bakinsa kamar rumbun albasar da ruwa ya shiga. Sannan ta juyo gare ni.

"To, mahauci. Mi kaka yi?"

Na san abin da nake so in ce, na kuma san wanda ke zaune a bayana. Rediyon yana ta magana a kan rabon ma'aikata tsakanin jiha da jiha. Na ce, a hankali, zan ɗora masa.

"Ba ya iyawa," in ji Bagudu, amma muryarsa ba ta da ƙarfin da ta saba. "Ba gadonai ba na."

"Gaskiyarka," in ji Inna. "Doka ta. Sai mu bar ka nan, su su gudu. Dodo na son mai ɗori, an ce ɓargonsu ya hi daɗi."

Bagudu ya dubi wuta, ya dubi hannunsa na dama kamar da gaske yana masa zogi. Yaro ne mai son doka, amma bai kai ga son a cinye shi saboda ita ba. Ya ce, "To shi gwada. Amma ni dai ban koya mai ba."

Inna ta ce kafin in watsa ɓawo sai na faɗi yadda zan yi, daki-daki. Na fara. Na ce zan fasa kara in jera, in kama hannun, in naɗe shi da ƙarfi, in ɗaure tamau har ya daina motsi. Ta ce, "Haka nan, a karkace yadda ya karye?" Na ce e. Ta ce, "Tamau ƙwarai?" Na ce tamau, har sai igiya ta shige cikin nama. Ta gyaɗa kai kamar ta ji karatu mai kyau, ta miƙo mini ɓawon.

Sai rediyo ya mutu.

"Wane irin aikin banza na wanga," in ji Kawu, bai ma juyo ba. "Wa ka ɗaure ƙashi bai ja shi ba? Sai wani ya riƙe kahwaɗa, kai ka ja daga wuyan hannu, sannu, har ka ji da yatsa ya koma ɗakinai. Sannan kara. Kuma ba a matsewa tamau, hannu kumbura yakai. Kana duba akaihwar yatsu, in ta yi baƙi ka sassauta. Ka kashe mai hannu ka ce ɗori?"

Gujiya ɗaya ta fashe a cikin toka.

Inna ba ta dube shi ba. Ta dubi garwashi, ta ce da shi, wato garwashin, "To. Mun dai ji. Mutumin zaure ya hwaɗa wa yaro ɗori da bakinai, gaban shaidu." Sannan ta ce da ni, "Watsa."

Na watsa. Ban tuna yadda ɓawon ya kwanta ba, kuma ba na jin Inna ta duba. Aka ja hannun mai ɗori, aka jera kara, muka lallaɓa muka kwashe irin albasa dodo yana can yana neman mu a inda muka bar jini. Ta rufe da cewa tatsuniya ta tafi ke nan, wanda ya ga ƙurarta ya gaishe ta. Kawu ya ɗauki kujerarsa ya shige.

Ban yi barcin kirki ba. Da safe na ji motar hatsi ta tsaya a bakin hanya, na ji ana loda buhuna, na ji yaron mota yana kiran Jega, Maiyama. Ina zaune a ɗakin Inna da rigata ta makaranta a ƙulle cikin ɗankwali. Motar ta tashi. Ba wanda ya kira ni sai da hantsi, da aka kawo wani manomi daga Jiga Birni da shanun huɗa suka taka. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai, zo riƙe kahwaɗa."

Iyakar abin da na samu ke nan. Bai ƙara koya mini ko kalma ɗaya ba. Bagudu ne ya gaji ɗorin, kuma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ni na zauna, na gama makaranta, na zama malami a Jega, inda kowace shekara nake raba yara tsakanin ajin kimiyya da na adabi, in ga wani ya tsaya a tsakanin ƙofofin biyu da irin fuskar da na sani. Kwanan baya wani matashin malami ya nuna mini a wayarsa wasu Turawa manya da gemunsu, zagaye da tebur, suna wasa irin na Inna, suna gardama mai zafi a kan ko ya halatta mayaƙi ya iya magani. Na ce masa mun riga su, kuma mu ba mu da tebur.

Har yau ban gama yanke wa gardamar hukunci ba. Inna tana da gaskiya, tafiyar da kowa ya iya komai ba ta bukatar abokin tafiya. Amma na ga yadda dokar da ke sa mutane bukatar juna take iya zama ƙofar da ake tura yaro waje ta cikinta. Abin da ta yi a daren nan ba karya dokar ba ne. Ta kai ta ne wurin da mai tsaronta zai ji nauyinta a jikin ɗansa.

Abin da na daɗe ina juyawa shi ne ko Kawu suɓutar baki ya yi, ko kuwa shi ma kwanakin nan yana neman hanyar da zai janye maganarsa ba tare da an ce ya janye ba. Da ya tsufa, idonsa ya yi rauni, na kai masa goro wata Juma'a na tambaye shi. Ya daɗe yana tauna.

Ya ce, "Kana shirin lalata wa ɗana hannu, in yi shiru?"