Riɗin Baffa a Tsakanin Dawa

Tun da ƙamshin riɗin da maƙwabciyata ke soyawa ya shigo ɗakina a nan unguwar Bagadaza, na kasa zama wuri ɗaya. Marigayi Baffa, wan mahaifinmu, ya faɗo mini a rai.

Bai taɓa shuka dawa ita kaɗai ba. Yakan cuɗa irin riɗi da yashi a ƙwarya, ya bi tsakanin kunyoyi yana zubawa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta ƙi fid da kai, na zauna bakin gona na yi tagumi. Ya ɓare kwanson riɗi da farce, ya zuba mini a tafi, da ɗuminsa.

Ya ce, "Tauna, ɗana. Wannan yana jure ƙishi. Shi zai riƙe mu bana."

Ya kuwa riƙe mu.

Yanzu gari ya cim ma gonar. Jiya ƙanena ya ce, "Yaya, mu yanka ta filaye mu huta." Na ɗaga kai, ga hadari yana haɗowa, ga ƙwaryar Baffa a rataye.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, ni kuma Ya ba ni ƙarfin cewa a'a, ko da na damina ɗaya ne.