Zaren Nailan a Tabkin Kurma

Shekaru sun ja, amma har yau ban manta da ranar da na saɓa wa shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, kan zaɓen zaren fatsa ba. Kaka ce ta farko bayan an ba ƙasar nan 'yancin kai. Ina gardin daji a lokacin, ƙaramin muƙami, an ajiye ni Tibiri ina zagaya yankin Gidan Rumji da Gidan Sori a kan doki. Aikinmu ba itatuwa kaɗai ba ne. In gulbi ya janye bayan damina yakan bar tabkuna, mu ne ke duba irin kifin da ke ciki mu rubuta wa buro, wato ofishinmu, a Maraɗi.

Baturen da ke riƙe da buron ya tafi gida, aka ɗora Mushe Abdu ya zama shef, saurayi ɗan lakol, wato ɗan boko, mai zafin aiki. A cikin kayan da Baturen ya bari akwai wani akwati cike da tana da kwaɗi na roba, masu laushi kamar naman gaske, da ƙugiyoyi, da zaren nailan iri uku a naɗe: siriri wanda ba a ganinsa cikin ruwa, matsakaici, da mai kauri kamar tsirkiyar baka. Mushe Abdu yana so a gwada su, in sun yi kyau a nemo wa masunta.

Na yi mako biyu ina gwadawa a ƙananan tabkuna. Abin da na gano shi ne, roba ba ta da nauyi. In ka ɗaura ta a zare mai kauri sai ta sandare cikin ruwa, kifi ya zo ya shinshina ya wuce. A siririn zare kuwa tana wutsil-wutsil kamar mai rai, sai dai babbar tarwaɗa tana fizga take tsinka shi. Na faɗa wa shef haka. Ya ce to a je Tabkin Kurma, inda ya ji ana cewa akwai manyan kifaye, kuma da mai kaurin za a yi.

Tabkin yana cikin kwari, yamma da Gidan Sori, kuma ko da rani ba ya ƙafewa. Ƙa'idar aiki ita ce ba a taɓa ruwa sai an gaida sarkin ruwan wurin. Sunansa Ɗan Baro, tsoho ne siriri marar yawan magana. Ya karɓi zaren mai kauri, ya naɗa a hannuwansa biyu ya ja iya ƙarfinsa, bai tsinke ba. Ya miƙo mini ya ce, "Tabkin ga ba a jefa mashi igiyar da mutum ba ya iya tsinkewa da hannu." Shef ya tambayi dalili. Tsohon ya ce in na ƙasa ya ja, sakar masa ake yi. Mushe Abdu ya yi murmushi, ya ce a gaya wa baba zamani ya sake.

A hanya Ɗan Baro ya rage tafiya har muka jera, ya ce mini yayansa a nan ya tafi, da igiyar koma ɗaure a ƙugunsa, da rana tsaka, mutane suna kallo. Da muka isa, shef ya ce in haɗa masa kwaɗon roba da zare mai kauri. Na juya masa baya, na yanki kamu ɗaya na siririn zaren, na sa shi tsakanin kwaɗon da mai kaurin, na ƙulle ƙulli biyu a kowane gefe. Umurni na karya, na sani.

Rana ta take tsaka. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ga itatuwa kewaye da ruwa, amma babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Wani makiyayi ya koro shanunsa, suka zo bakin ruwa suka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta sa baki, ya kaɗa su suka yi gaba ba tare da ya dube mu ba. Ruwan baƙi ne, a kwance kamar an shafe shi da hannu.

Ba mu da sanda, da hannu ake jifa. Shef ya naɗa zaren sau huɗu a tafin hannunsa na dama, ya wurga kwaɗon can tsakiya, ya fara jawowa a hankali. A jifa na uku zaren ya miƙe.

Na ga kifi iri-iri yana cin ƙugiya. Kifi fizga yake yi, ya yi dama ya yi hagu. Wannan bai fizga ba. Ja yake yi sannu-sannu, kai tsaye, kamar mace tana jan guga daga rijiya, kuma ko ƙyas ruwan bai motsa ba. Shef ya yi dariya da farko, ya ce mun samu babba. Sai na ga takalmansa suna jan laka. Ya shiga har gwiwa. Ya nemi warware zaren, amma ya riga ya nutse cikin naman hannunsa, jini yana bin yatsunsa. Na rungume shi ta ƙugu, aka ja mu mu biyu. Ruwa ya kai mana ƙirji, sanyinsa kamar na randa, ƙasa kuma tana zamewa ƙarƙashin ƙafafunmu. Shef bai yi ihu ba. A hankali ya ce, "Isufu, ba ya saki."

Ɗan Baro ya faɗo ruwan da wuƙa a hannu, yana karanta abin da ban ji ba. Kafin ya iso, zaren ya saki, muka faɗi da baya.

A bakin tabki, tsohon yana ɗaure wa shef hannu da rawaninsa, ni kuma na jawo zaren. Na zaci zan ga guntun siririn a tsinke. Babu shi. Bakin mai kaurin yana nan a lanƙwashe, da alamar ƙullina biyu, amma a warware. Na nuna wa Ɗan Baro. Ya duba, ya ce in naɗe kayana mu tafi kafin inuwa ta juya.

Bayan kwana uku ya aiko a kira ni. Ya kai ni bakin tabkin ya nuna mini wani faffaɗan dutse. Kwaɗon roba yana zaune a kai, fuskarsa tana duban hanya, an cire ƙugiyar an ajiye gefe, siririn zaren a naɗe tsaf kamar yadda mata ke naɗe zaren saƙa. Lakar da ke kewaye da dutsen babu sawun kowa sai namu. Ban ɗauka ba, shi ma bai ce in ɗauka ba.

A rahoto Mushe Abdu ya rubuta cewa kada ne ya ja shi. Ni ban taɓa ganin kada a tabkin nan ba, mutanen wurin ma haka, amma ban yi gardama ba. Na dai gaya masa abin da na yi da zaren, ina jiran hukunci. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce in ƙara a takardar cewa kada a ba masunta mai kaurin sai da siriri a bakinsa.

Ku da kuke aikin yanzu kuna da zare kala-kala, kuna zaɓe da nauyin roba da hasken ruwa, kuma daidai ne. Ni dai tun ranar ba na haɗa fatsa ba tare da na bar mata inda za ta rabu ba, ba na kuma naɗa zare a hannu. In kun je ruwan da ba ku sani ba, ku nemi tsohon wurin, ku ba shi zaren ya taɓa. Ɗan Baro an yi masa dariya a gaban mutanensa, amma da ruwa ya kai mana ƙirji, shi ne ya shigo.